Ka Shirya Yin Karatu ta Intanet?

'Yan uwana ɗalibai, a 2020 korona ta sa an rufe makarantu, darasi ya koma rediyo da waya. Da yawanmu ba mu bi ba. Kafin ka shiga kwas ta intanet, gwada kanka:

1. Kana iya yin karatu na minti 30 babu malami a kanka?
2. Akwai waya da data? Ina za ka yi caji idan an ɗauke wuta?
3. Ka iya buga rubutu ka tura aikin gida?
4. Idan ba ka gane ba, kana tambaya ko shiru kake yi?

Duk inda ka ce a'a, nan za ka fara gyarawa. Ta farko ta fi muhimmanci, domin ana aron waya, amma ba a aron himma.