Darasi na 14: Karen da Ƙafafunsa Suka Shanye

Yara, a New Bell da sauran unguwanninmu na Duwala wasu gidaje suna ajiye kare domin gadi. Tituna kuwa cike suke da motoci da babura. Wani lokaci babur yakan buge kare a baya. Kare ya rayu, amma ƙafafunsa na baya su shanye.

A cikin ƙashin baya akwai laka. Ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu, da kuma zuwa mafitsara, wato jakar da fitsari ke taruwa a ciki. In laka ta ji rauni, saƙo ba ya isa. Mafitsara ta cika, kare ya kasa fitsari. Wani sai ya ga shimfiɗa a jiƙe ya ce ai yana yi. Ba haka ba ne: tulu ne ya cika yake tumbatsa. Fitsarin da ya daɗe a ciki yana tara ƙwayoyin cuta, har ya lalata ƙoda.

Da farko a kai shi wurin likitan dabbobi. Shi zai duba shi, ya nuna wa mai gida yadda ake matse mafitsara. Aikin babba ne. Naku shi ne kawo ruwa da tsumma.

Babba ya sa safar hannu. Ya kwantar da kare a gefensa, wani ya riƙe kai. Kare mai ciwo yakan ciji ko da mai shi, saboda haka a sa masa takunkumi. Sai ya ɗora tafin hannu biyu a marar karen, dab da ƙafafun baya, ya lalubi wani abu mai kama da balan-balan da aka cika da ruwa. Ya danna sannu a hankali, ba ya saki, har fitsari ya zubo. Ya dakata kaɗan, ya sake. Ba a yi da ƙarfi. In ya ƙi fita, ko aka ga jini, ko ya yi wari ƙwarai, a koma wurin likita ran nan. Ana yin haka sau 3 ko 4 kowace rana.

Duwala garin ruwa ne, musamman a Yuli da Agusta. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa tana kawo gyambo. A goge karen, a sauya masa buhu busasshe, a riƙa juya shi. Kada a rage masa ruwan sha don gudun wahala. Bayan an gama, a wanke hannu da sabulu.

Duk wannan ga karen gida ne, wanda aka san abin da ya same shi. Karen da kuka tarar a lungu yana jan ƙafafu, kada ku taɓa shi, domin ciwon haukan kare ma yana shanye jiki. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya samo allurarsa, amma sai an yi ta da wuri take ceto. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a garzaya da shi asibiti.

Kalmomi
mafitsara: la vessie
ƙoda: le rein
haukan kare: la rage

Tambayoyi
1. Me ya sa jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ba ta nuna cewa kare yana fitsari da kansa?
2. Wane kare ne ba za ku taɓa ba?