Darasi Daga Ɗakin Ajiyar Yahudawan Masar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da sauran Annabawa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani ɗaki ne a tsohon birnin Fusɗaɗu, wanda Amru ɗan Asi ya kafa a Masar a shekara ta 641 Miladiyya, yanzu kuwa Alƙahira ta haɗiye shi. Ɗakin yana cikin wata majami'ar Yahudawa da ake kira Ben Ezra. Yahudawa suna da al'adar girmama sunan Allah, watau takardar da aka rubuta sunanSa a kai, in ta tsufa, ba a yar da ita a juji. Sai a tara ta a wurin da suke kira Geniza, ma'ana ma'ajiya, kafin a binne. To, Yahudawan Fusɗaɗu sun yi ta zuba takardu a ɗakin nan tun daga ƙarni na 11 har zuwa na 19, ba littattafan ibada kaɗai ba, har da wasiƙu da takardun aure da na bashi. Busasshiyar iskar Masar kuwa ta hana su ruɓewa.

A shekara ta 1896 waɗansu mata biyu tagwaye, mutanen Sikotilan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka komo daga Masar da guntayen takardu, suka nuna wa wani malami Bayahude na Jami'ar Kambirij mai suna Solomon Schechter. Da ya gane darajarsu sai ya tafi Alƙahira, shugabannin Yahudawa suka ba shi izini, ya kwaso guntaye wajen 193,000. In aka haɗa da waɗanda suka watsu a sauran ɗakunan karatu na duniya, sun kai kimanin 400,000.

Wanda ya fi kowa wahala a kan wasiƙun nan shi ne S. D. Goitein. Ya wallafa mujalladi 5 tsakanin 1967 da 1988 a kan zaman jama'ar ƙasashen Bahar Rum. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne yawancin wasiƙun da Larabci suke, amma da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda malaman ƙasar Hausa ke rubuta Hausa da Ajami. A ciki an ga Bayahude da Musulmi suna tarayya a kasuwanci, suna maƙwabtaka. An ga fatake suna kai kayansu daga Tunisiya zuwa Adan, har Indiya, kamar Ibrahim bin Yiju, wanda ya shekara fiye da 15 a Mangalor. An sami rubutun hannun babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba, ya zama likitan Alƙali Fadil, wazirin Salahuddin, ya rasu a Fusɗaɗu a 1204. Ɗansa Ibrahim ma ya rubuta littafi da Larabci, Kifayatul Abidina, inda ya yaba wa tafarkin Sufaye. Ta fuskar zane kuwa, akwai takardun aure masu ado, da littattafan koya wa yara baƙaƙe waɗanda aka ƙawata da launuka.

Amma fa takardun ba daɗi kaɗai suka faɗa ba. Sun nuna jiziya ta yi wa matalauta nauyi ƙwarai, har akan tsare wanda ya kasa biya, matafiyi kuma ba ya rabuwa da takardar shaidar biya. Goitein da kansa ya ce wannan ya sa ya sake ra'ayinsa na farko, domin a dā ya ɗauka jiziyar aba ce mai sauƙi. Mark Cohen kuma, a littafinsa na 2005, ya bi sunayen mabukata da jama'ar Yahudawa ke raba wa gurasa kowace Talata da Jumma'a. Har ila yau, majami'ar kanta an rushe ta wajen shekara ta 1012, zamanin da Halifa Hakim na daular Faɗimiyya ya matsa wa Yahudu da Nasara, sa'an nan daga baya aka sake gina ta.

Binciken baya-bayan nan ya zo da wani abin al'ajabi. Ma'ajin takardun gwamnatin Faɗimiyya, wadda ta mallaki Masar daga 969 zuwa 1171, ya salwanta, har waɗansu Turawa suka riƙa cewa sarakunan Musulmi ba su damu da ajiye takardu ba. A shekara ta 2020 Marina Rustow ta Jami'ar Firinston ta wallafa littafi ta rushe wannan magana. Ta nuna cewa takardun umarnin halifofi da koke-koken talakawa, in amfaninsu ya ƙare, akan yanyanka su a sayar, Yahudawa su saya su yi rubutu a bayansu. Ta haka suka shiga Geniza. Watau ɗakin ajiyar Yahudawa shi ya tsare wani yanki na tarihin mulkin Musulmi. Yanzu kuma an ɗauki hoton mafi yawan guntayen an sa a kwamfuta, har ana haɗa rabin takardar da ke Ingila da ɗaya rabin da ke Amurka.

Darasin da ke cikin wannan biyu ne. Na farko, tarihi amana ne. Mai cewa Yahudawa ba su ga komai a ƙasashen Musulmi ba sai zalunci, takardun nan sun ƙaryata shi. Mai cewa kuma ba a taɓa cutar su ba, shi ma sun ƙaryata shi. Adalci shi ne a faɗi duka biyun, ko da ɗaya ta yi ɗaci.

Na biyu, ajiya maganin wata rana. Musulmi ma suna da wannan ladabi, shi ya sa a 1972 aka tarar da dubban tsofaffin takardun Alƙur'ani a rufin Babban Masallacin San'a'a na Yaman. A gidajen malamai da alƙalai na ƙasar Hausa kuwa akwai gafakoki cike da wasiƙu da takardun gado da na shari'a, gara da ɗigon ruwa suna cinsu. Magadan da ke riƙe da su lalle ne su adana su, su bari masana su ɗauki hotonsu tun ba su zama gari ba.

Allah Ya sa a amfana, amin.