Rijiyar Ta Ƙafe, Amma a Takarda Suna da Ruwa

Lokacin da dawa ta nuna, aka shiga girbi, hankalin kowa ya koma gona da kasuwa, a daidai wannan lokacin ne ma'aikatan sashen tsare-tsare na ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano ke zaune suna haɗa daftarin kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Mutanen Fassi, Tarai, Durba, Kahu da sauran mazaɓun Kibiya ba kasafai suke tunawa da hakan ba. Sai bazara ta kama, rijiyoyi sun yi ƙasa, sannan a ga dattawa sun cika mota zuwa sakatariya neman ruwa. A lokacin kuwa an riga an rufe littafi, kasafin ya bi ta ma'aikatar ƙananan hukumomi, ya wuce Majalisar Dokokin jiha, an soma kashewa tun Janairu.

Mai wannan rubutu injiniyan ruwa ne, ɗan Fassi, aikinsa auna ƙasa kafin a haƙa burtsatse da duba aiki bayan an gama. Abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami wani aiki ne da aka kira shi ya duba a wani ƙauye na kudancin Kano. Ba zai ambaci ƙauyen ba, ko ƙaramar hukumar, ko wanda ya biya kuɗin, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

Dagaci ne ya aika a kira shi, cikin tsananin zafin Afrilu. Daga nesa aikin abin sha'awa ne: tanki a sama kan ƙafafun ƙarfe, fenti ko dishewa bai yi ba, faifan sola a jere, ga allo an rubuta sunan aikin da manyan baƙaƙe. Bai cika shekara ba. Kawunan famfon kuwa sun bushe ƙarau, awaki sun mayar da inuwar tankin makwanci, yara da jarkokinsu suna wucewa ta gabansa zuwa rafi, inda suke tonon yashi su jira ruwa ya tsattsafo.

Ya nemi rahoton binciken ƙasa, babu. Ya nemi takardar haƙa mai nuna zurfi da irin ƙasar da aka ratsa, babu. Sakamakon gwajin yawan ruwa fa? Mutane suka dubi juna. Da aka zaro sumo, wato injin jan ruwan, sai ga shi ya ƙone, don ya daɗe yana jan iska. Da ya zura ma'auni ya tarar mai haƙar yana taɓa fa ya tsaya, ya tattara injinsa. Kesin ɗin bututun magudanar gida ne mara kauri, an tsattsaga ƙasansa da zarto a madadin sikirin, ko tsakuwa ba a zuba ba. An yi haƙar cikin Agusta, lokacin da ko da fartanya mutum ya tona zai ga ruwa.

Duk wanda ya san ƙasar Rano da Kibiya ya san dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashinta, ga shi ma ya tsattsaya a fili ta ko'ina. Ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutse ne da tsagogi, taku kaɗan ke raba rijiya mai ruwa da ramin banza. Amma ɗan kwangilar ya sayar da aikin ga wani mai injin haƙa, shi kuma ya zo da wani mai ɗora ƙwallon kwakwa a tafin hannu yana zagaye wai yana neman ruwa. Kwakwar, cikin ikon Allah, ta miƙe daidai ƙofar gidan wani mai faɗa a ji a ƙauyen, a kan tudu, inda fa ke leƙowa ta cikin ƙasa. Irin waɗannan 'yan cuwa-cuwa sun cika harkar, kuma ba sa rasa aiki, domin kuɗin safiyo da suke cirewa shi ke sa farashinsu ya yi arha.

"Injiniya, a taimaka a gyara mana," in ji dagaci.

"Ranka ya daɗe, wannan ta wuce gyara. Sabuwar haƙa ce, kuma ba a nan ba."

Sai dai fushin injiniyan bai tsaya kan mai kwakwa ba, don da ya bi diddigin yadda aikin ya shiga kasafi, sai ya ga ɓarnar ta soma tun kafin injin ya iso. An kira taron jin buƙatu, wannan gaskiya ne, ba wanda zai ce ba a tambaye su ba. An yi shi ranar kasuwa, magidanta sun watse, waɗanda suka halarta matasa ne 'yan kaɗan da dattawan da ba sa iya tafiya. Aka ce me kuke so, suka ce ruwa. Wane iri? Mai sola, irin na ƙauyen maƙwabta. Aka zagaya da takarda kowa ya sa hannu ko ya dangwala, aka sha lemo, aka yi addu'a. Ba wanda ya karɓi kwafi.

Ba mace ko ɗaya a wurin, ba kuma wanda aka tura cikin gidaje ya ji ta bakinsu, alhali su da 'ya'yansu ke fama da ɗiban ruwan. Wata tsohuwa ce ta ja injiniyan zuwa gangare, gefen fadama, ta nuna masa famfunan tuƙa-tuƙa biyu da suka daɗe a mace. "Ɗan nan, waɗannan ba su taɓa ƙafewa ba ko a shekarar fari," in ji ta. Ya kwance guda ya duba. Robobi ne suka cinye, sanduna suka yi tsatsa, ruwa na nan kwance a ƙasa. Da ɗan abin da bai kai kuɗin ƙafafun tankin can ba, da an tayar da su duka biyun, har a yi ragowar da za a soma kwalbatin da rashinsa ke yanke ƙauyen daga asibiti duk damina. Ba wanda ya ambaci kwalbatin a taron. Ba wanda ya ambaci gyara, domin gyara ba a yanka masa kintinkiri.

Sannan aka zo kan takardar kammala aiki. Cikin Satumba aka buɗe famfo, ruwa ya feso, aka yi guɗa, aka ɗauki hoto. Mai unguwa da shugaban ƙungiyar ci gaban ƙauyen suka sa hannu a takarda da Turanci wadda ba wanda ya karanta musu, tana cewa al'umma ta karɓi aikin cikin gamsuwa. Da wannan sa hannun ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa, har da kason da ake riƙewa don jiran lahani.

Abin da ya fi ci wa injiniyan rai ya zo daga baya. Da mutanen ƙauyen suka koma neman a saka su cikin kasafin shekara ta gaba, ma'aikacin da suka tarar ya buɗe rajista ya nuna musu sunan ƙauyensu: burtsatse mai sola, an kammala, yana aiki, ga sa hannunku. Akwai ƙauyukan da ba su samu komai ba, su ne a gaba. Ma'aikacin bai yi ƙarya ba, bai kuma yi zalunci ba, abin da ke rubuce ya karanta. Busasshen tankin ya cinye rabonsu na bana da na baɗi.

Don haka ga maganar a taƙaice. "Muna son ruwa" kuka ne, ba buƙata ba ce. A rubuta abin da ake so, da wurin, da dalilin, a riƙe kwafi mai hatimi. Kada a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba. Kada a karɓi burtsatse sai ta ga bazara.

Wasu za su ce to ina ƙaramar hukuma ta ga kuɗin da za a yi mata wannan dogon lissafi. Tambayar tana da tushe. Kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya kashi 20.60 cikin ɗari ne, amma shekara da shekaru yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, wanda sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, kuma kowa ya san yadda ake fitowa daga wannan asusu. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. A Kano an yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar 26 ga Oktoban 2024, aka fitar da ciyamomi 44 da kansiloli 484. Goma daga cikin kansilolin na Kibiya ne, ɗaya na Fassi. Ƙidayar 2006 ta ba Kibiya mutum sama da 136,000, yau kuwa sun zarce haka nesa, kuma albashi ke lashe mafi yawan abin da ke shigowa. Ɗan ragowar nan shi ake rububi, shi ya sa ɓarnatar da shi a ramin banza ta fi ciwo.

Jadawali na huɗu na kundin ya jera abin da ke wuyan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, magudanan ruwa, hanyoyin cikin gari, kwashe shara, maƙabartu, da hannu a makarantun firamare, lafiya da noma. Amma a je taron buƙatu a ji abin da ake roƙo. Wannan yana son kujerar Makka, wancan babur, wani a sa ɗansa a aiki, wani kuma titin da yake na tarayya ne ko na jiha, wanda ciyaman ko ya sayar da sakatariya ba zai iya ba. Lokacin taron ya ƙare a kan abin da ba zai taɓa shiga kasafin ba.

An gwada wata hanya a wasu wurare. A birnin Porto Alegre na Brazil, tun 1989 aka soma tara unguwanni kowace shekara su jera ayyukansu bisa fifiko kafin a rubuta kasafi, kuma ruwa da magudana ne talakawan birnin suka yi ta turawa gaba har aka kai su kusan kowane gida. Nan kusa, Jihar Kaduna ta fito da kundin buƙatun al'umma, inda kowace mazaɓa ke rubuta abin da ta fi buƙata, na ɗaya, na biyu, na uku, a miƙa wa ƙaramar hukuma. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, da aka amince da shi a 2018 da dala miliyan 750, ya riƙa ba jihohi tukuici idan sun wallafa kasafinsu suka kuma nuna sun ji ra'ayin jama'a. Ya kawo tarurruka da yawa. Ya kuma kawo wata cuta da injiniyan ya sha gani: taron da ba a shirya shi don komai ba sai don takardar halarta da hoto. Wanda ya sa hannu a irin wannan takarda ya ba da shaidar an tuntuɓe shi, ko bai buɗe baki ba.

Fassi ba ta buƙatar jiran wani shiri daga waje kafin ta yi nata. Akwai dagaci da masu unguwanni, akwai limamai, akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ke kula da asibiti, akwai kwamitocin makarantu, akwai malaman firamare da 'yan NCE da ke zaune ba aiki, waɗanda za su iya rubuta shafi biyu da Hausa. Tun ran gini ran zane: zaman ya kasance kafin kaka ta ƙare, ba ranar kasuwa ba, a yi wa mata nasu zaman a cikin gida ko a Islamiyya, a kawo abin da suka ce a rubuce. Abu uku ya isa. Wanda ya kai buƙata ashirin ya ba wani damar zaɓar wadda ta fi masa kamasho. Kwafi ɗaya ga kansila, ɗaya ga sashen tsare-tsare, ɗaya ga hakimi, tunda masarautar Rano da aka maido a 2024 ta ƙunshi Rano, Bunkure da Kibiya ne, ƙofarta ba ta da nisa. Ɗaya kuma ya zauna a akwatin ƙungiya, ba a aljihun shugabanta ba.

Idan aikin ya fito, a nemi ganin takardar lissafin kayan aiki tun kafin a sauke bulo ɗaya. Mita nawa aka biya a haƙa, wane kesin, sumo mai wane ƙarfi. A sa yaro mai ilimi ya zauna bakin injin ya ƙirga sandunan da suka shiga ƙasa, don a nan ake satar zurfi, kuma da zarar an rufe baki an zuba siminti ba mai sake gani. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wasiƙa, akwai kuma hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano, amma dukansu da takarda suke aiki, ba da "mun ji an ce" ba.

Haka batun yake a aji da asibiti. Fenti ba gyara ba ne, a hau a duba rufi. Kada a yarda a gina sabon ɗakin shan magani a inda wanda ke akwai ba shi da ma'aikaci.

Sa hannun nan dai, sa hannun nan. Injiniyan ya ga dattijon da ba zai sayi buhun taki ba sai ya kwance baki ya damƙa ya shinshina, amma aka miƙo masa takardar aikin miliyoyi ya dangwala yatsa yana godiya. Idan ɗan kwangila ya matsa lallai sai yau, a ce masa ya dawo cikin Afrilu, a kunna sumo tun safe har la'asar a gaban jama'a, a ga ko ruwan zai tsaya. Wanda ya yi aikin ƙwarai ba ya gudun wannan gwaji. A kuma tambayi wa zai riƙe makulli, wa zai tara kuɗin gyara, nawa ne jarka, tun kafin ranar buɗewa, domin kasafin ƙaramar hukuma ba kasafai yake tuna da aikin da aka riga aka ɗauki hotonsa ba.