Kafin Ka Taɓa Manhaja: Gargaɗi Ga Sabon Shugaban Sashe

An naɗa ka shugaban sashe, hannunka kuma ya fara ƙaiƙayin gyara manhaja. Madalla. Amma da sharuɗɗa.

Ka fara sanin iyakarka. Tun watan Disamba na 2022 da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da kundin da ake kira CCMAS a madadin tsohon na 2007, kashi 70 cikin ɗari na abin da ake koyarwa a digirin farko daga Abuja yake zuwa. Kashi 30 aka bar wa majalisar malaman kowace jami'a. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi tir da tsarin, ta ce an ƙwace wa majalisa ikonta, kuma a ganina kukan yana da tushe. Dokar soja ta 16 ta 1985 ta ba hukumar ikon gindaya ƙa'idar da ba za a yi ƙasa da ita ba, da ikon tantance kwasa-kwasai. Ko wannan ya kai ga rubuta wa malami abin da zai koyar, gardama ce da ba ta mutu ba. Sai dai a zauren ƙungiya ake yinta. Kada ka cire kwas daga kason hukumar don kawai bai kwanta maka ba. Ranar tantancewa ɗalibanka ne za su biya.

Kada ka raba kason naku kamar naman suna. Digiri mai shekara huɗu ba ya gaza yunit 120, rabonku a ciki 36 ne, wato kwasa-kwasai goma sha wani abu. Da zarar an ji labari, kowane babban malami zai leƙo ofis da takarda a hannu, yana son a buɗe kwas a kan abin da ya rubuta kundin digirinsa na uku shekara ashirin da suka wuce. Ka ba shi kujera, ka gaishe shi da "ranka ya daɗe", ka ce a'a. Tambaya ɗaya za ka yi wa kowace takarda: me wannan jami'a ta sani wanda ba a iya rubutawa daga Abuja? Sashen noma a Kano ko Maiduguri da ya yaye ɗalibi bai san noman ƙasa mai ƙarancin ruwa ba ya ɓarnatar da kasonsa. Haka sashen tarihi a Sakkwato da ɗalibinsa bai taɓa zama gaban rubuce-rubucen hannu na malaman jihadi ba.

Ka bi mataki ɗaya bayan ɗaya: taron sashe, taron tsangaya, kwamitin tsare-tsaren karatu, sannan majalisa. Kada ka tsallake ko ɗaya.

Kada ka shigo da takarda ta bayan gida. Kowa ya san dabarar: a ajiye batun manhaja a ƙarshen ajanda, a raba shafi arba'in da safiyar taro, takardun ma da ɗumin injin hoto a jikinsu, a bari sai an kira sallar azahar, rabin zauren ya miƙe yana neman buta, sannan a ce "akwai mai ja?" Ba mai ja, don ba wanda ya karanta. Wannan ba amincewa ba ce. Ka aika takarda kwanaki kafin zama, ka jera tsohon kwas da sabo kafaɗa da kafaɗa, lamba da suna da yunit da dalilin canji, yadda malamin da ba fanninsa ba ne zai gane. Ka tabbata adadin mahalarta da ƙa'ida ta tanada ya cika, a kuma rubuta sunan wanda ya ƙi yarda da hujjarsa. Ƙananan malamai su ne ke shiga ajin ɗalibai ɗari uku. Ka bar su su yi magana kafin manya su rufe bakin kowa.

Kada ka saba da zuwa wurin shugaban jami'a neman ya sa hannu a madadin majalisa. An tanadi wannan ƙofa don larura, kuma sakacinka ba larura ba ne. Mu da ke kukan an rage wa majalisa iko, bai kamata a same mu muna mayar da ita wurin buga hatimi a kan abin da aka riga aka gama ba.

Ka bambance majalisun biyu. Karatu da jarrabawa da ba da digiri na majalisar malamai ne. Kuɗi da gine-gine da ɗaukar ma'aikata na majalisar gudanarwa ne. In sabon kwas yana bukatar ɗakin gwaji ko ƙarin malamai, ka rubuta kuɗin ƙarara. Kada ka ɓoye don a amince da sauri.

In sabon digiri ne ɗungurungum, kada ka ɗauki ɗalibi ko ɗaya sai NUC ta turo tawaga ta duba malamai da kayan aiki, takardar amincewa kuma ta iso hannu. Alƙawarin baki ba takarda ba ne. Digirin da ba a amince da shi ba, mai shi zai gama ya ga sa'o'insa sun tafi bautar ƙasa shi yana gida. Fannonin da ke da hukumar ƙwararru, kamar injiniyanci da ke ƙarƙashin COREN, ko likitanci, ko lauya, ka nemi yardarsu su ma. Kuma kada rarraba fannin aikin jarida zuwa digirori da dama, da sabon tsarin ya yi, ta ruɗe ka ka buɗe biyar da malaman da ɗaya ma da ƙyar suke riƙe shi. Ƙa'idar NUC malami ɗaya ne ga ɗalibi 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya.

Kada ka yi aron malamai ko na'urori daga maƙwabta don masu tantancewa, a manna sunaye a ƙofofin ofisoshi, a kwashe bayan motarsu ta fita. Cikakkiyar tantancewa shekara biyar take yi, ta wucin gadi biyu, wanda ya faɗi kuma a dakatar da shi daga ɗaukar ɗalibai. Gara ka karɓi ta wucin gadin da gaskiya. Ita ce hujjar da za ka kai wa majalisar gudanarwa ta saki kuɗi.

Ɗalibi da manhajar da ya shigo a kanta zai fita. Kada ka sauya masa ita yana aji uku. In ka soke kwas, ka tuna da wanda ya faɗi shi bara yana jiran maimaitawa: ka rubuta a cikin takardar da za ta je majalisa wane kwas ne zai maye masa gurbi, yunit nawa, har zuwa wace shekara. Ka kai kwafi ofishin jarrabawa da na magatakarda, ka sa a gyara littafin jagoran ɗalibai kafin a buɗe rajistar zango mai zuwa.