Ba Kowace Sankara Ce Mai Gaggawa Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, ina neman gafara tun farko, domin zan taɓo maganar da yara ba su saba yi a gaban manya ba. Amma Hausawa sun ce wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi.

A ƙarƙashin mafitsarar kowane ɗa namiji akwai wata 'yar tsoka kamar girman goro, wadda likitoci ke kira furostet. Hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarta. In mutum ya haura shekara 50 takan kumbura, fitsari ya riƙa fita da ƙyar. Sau da yawa kumburin tsufa ne kawai, wani lokaci kuwa sankara ce, watau ciwon daji. Ita ce sankarar da ta fi kama maza a Nijeriya.

Abin da na fahimta cikin karatuna shi ne, wannan sankara ba iri ɗaya ba ce. Manomin Bakori ya san bambancin ciyawar da za ta jira noma na biyu da wuta-wuta mai ƙone dawa. To, haka ita ma. Wata takan yi shekaru tana tafiyar hawainiya, har mai ita ya tsufa bai san da ita ba. Wata kuwa nan da nan ta bazu cikin ƙashin baya da na ƙugu. Yaya za a gane su?

Da farko akan auna wani sinadari cikin jini mai suna PSA. In ya yi yawa alama ce ta a bincika, amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci, don kumburin tsufa ma yana ɗaga shi. Sai a tsakuro 'yar tsokar da allura, a duba ta da madubin likita. A 1966 wani likitan Amurka, Donald Gleason, ya tsara yadda za a ba abin da aka gani lamba daga 1 zuwa 5, gwargwadon lalacewar ƙwayoyin. Akan tara lambar kamannin da ya fi yawa da ta mai bi masa. Jimla 6 mai sauƙi ce, 9 ko 10 kuwa mai tsanani. A ajin lissafi 3 da 4 daidai yake da 4 da 3, amma a nan ba haka ba ne: na biyun ya fi haɗari, domin mugun kamannin ne ya rinjaya. Saboda haka a 2014 masana suka sake kasa su rukuni 5.

Amfanin wannan awo ya fito fili a wani bincike da aka yi a Birtaniya kan maza 1,643 waɗanda sankararsu ba ta bazu ba. An yi wa waɗansu fiɗa, waɗansu gashi, waɗansu kuwa aka sa musu ido kawai ana gwaji a kai a kai. A 2023, bayan shekara 15, an ga kamar mutum 3 cikin 100 ne cutar ta kashe a kowane rukuni, ko da yake ta fi bazuwa a jikin waɗanda aka sa wa ido. Ke nan mai sassauƙar sankara ba dole ne a gaggauta yi masa fiɗa ba, tun da fiɗar takan bar ɗigar fitsari ko rauni wajen iyali. Mai tsananin kuwa, jinkiri asara ne.

Har wa yau masana ba su zauna ba. Akwai gwaje-gwaje irin su Decipher, mai karanta ƙwayoyin gado 22 don hasashen ko sankara za ta bazu. Sai dai suna da tsada, kuma yawancin binciken a kan Turawa aka yi, alhali baƙar fata cutar ta fi kamawa. Don haka asibitocin koyarwa na Ibadan da Abuja suka haɗa kai da na Ghana da Senegal da Afirka ta Kudu suna nazarin mazan nahiyarmu.

Babbar matsalarmu ita ce, duk awon nan sai mai ciwo ya zo da wuri yake da amfani. Iyayenmu da yawa sukan daure saboda kunya, su yi ta shan jiƙe-jiƙe, sai baya ya riƙe sa'an nan a ɗauke su zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya. A lokacin an riga an makara.

Ina roƙon iyayenmu maza, wanda ya ga yana yawan tashi fitsari da dare, ko ya ga jini, ko kuwa mahaifinsa ko wansa ya taɓa yin cutar, ya je asibiti a Funtuwa ko Malumfashi a duba shi. In an ce sankara ce, ya tambayi likita lambarta nawa. Mu kuma ɗalibai, in mun koma gida hutu, mu karanta wa iyayenmu mata wannan, su sun san yadda za su isar da saƙon cikin ladabi.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, amin.