Darasin Mako: Rumfar Wanzami a Ƙarƙashin Teku



In ka ratsa layin masu kayan miya a kasuwar Mararaba, ba za ka rasa ganin busasshen jatan lande ba, wanda muka fi sani da kirefish, an tula shi a daro ana awo da gwangwani. Daga bakin teku ake kawo shi, irin su Oron ta jihar Akwa Ibom. Mu dai iyakar saninmu da shi a tukunya ne. To, yana da wani ɗan uwa a teku wanda tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, amma yana da rumfa, yana da masu zuwa wurinsa, har layi ake yi masa. Darasinmu na yau a kansa ne, shi da maƙwabtansa, domin yadda suke gudanar da cinikinsu akwai abin da ya shafi namu.

Wurin da abin yake faruwa

A tekuna masu ɗumi da ruwa garau akwai tuddai na dutse da ake kira tuddan murjani. Wasu halittu ne ƙanana, da yawansu ba su fi ƙwayar gero ba, suke gina su. Kowace tana fitar da ɓawo mai tauri ta zauna a ciki, na baya su ɗora a kan na gaba, shekara dubbai, har ya zama tudu. Waɗannan tuddai ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku a nan suke samun abinci ko mafaka. A gaɓar tekun Najeriya ba a cika samun su ba, saboda laka da ruwan daɗi da kogin Kwara yake zubawa, shi kuwa murjani ba ya son ruwa mai dauɗa.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Duk alhajin da ya sauka Jidda ya tsaya a bakin Bahar Maliya, wadda gaɓarta cike take da irin waɗannan tuddai. Tsofaffin gidajen cikin garin Jidda da dutsen murjani aka gina su, haka ma na Sawakin a Sudan, inda kakanninmu masu tafiya hajji ta ƙasa suke shiga jirgin ruwa. Sunan murjani kansa mun saba jin sa a Suratur Rahman.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa: kuɗi. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce, shi kuma wuri ɓawon wani ɗan dodon koɗi ne da ke rayuwa a tuddan murjani na tsibiran Maldib, a tekun Indiya. A da mutanen can sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa, wuri ya manne, su janyo su shanya. Ibn Battuta ya zauna a tsibiran wajen 1343, ya tarar ana ba da wuri 400,000 a dinari ɗaya. Da ya zo Mali da Gawo bayan kamar shekara 10, sai ya tarar 1,150 ne a dinari. Bature Barth da ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake canzar da dala ɗaya ta azurfa. Ka ga ke nan kasuwar Kurmi ta daɗe tana juyawa a kan bayan wata 'yar halittar tudun murjani.

Yadda aka gan su

Mai nutso na gargajiya numfashinsa yake riƙewa, minti ɗaya ko biyu ya fito. A 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska daga silinda da ya goya a baya, daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Kowace mita 10 da ka nitse, nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki a doron ƙasa. Shi ya sa sabon ɗan koyo ba ya wuce mita 18, kuma ba a fitowa da gaggawa. Amfanin na'urar shi ne mutum ya samu ya natsu wuri ɗaya kusan awa guda yana kallo. Mai sauri manyan kifaye kawai zai gani. Ƙananan sai mai haƙuri.

Mai gida da ɗan haya

A jikin tudun akwai wata halitta da masana ke kira anemoni, mu ce mata furen teku. In ka gan ta za ka rantse fure ce, alhali dabba ce, 'yar uwar murjani. Tana manne da dutse, bakinta a tsakiya, kewaye da yatsu masu laushi da ke kaɗawa a ruwa. A jikin yatsun akwai ƙananan ƙayoyi masu dafi da ido ba ya gani. Ƙaramin kifi ya taɓa, ya shanye, ta ja shi baki.

A cikin waɗannan yatsu masu dafi jatan landenmu ya kama haya. Jikinsa garau yake kamar gilashi, da ɗigo-ɗigo fari da shuɗi ko shunayya, tsawonsa santimita 2 zuwa 3. In ya zo sabo ba ya faɗawa kai tsaye. Yana taɓa yatsun kaɗan-kaɗan, yana ja da baya, har su saba ta daina harbinsa. Daga nan ya samu katangar da babu kifin da zai tsallaka.

Da me yake biyan haya? A cikin naman furen teku akwai wasu ƙwayoyin tsiro ƙanana da ke haɗa abinci da hasken rana su ba ta. Abin da jatan lande yake fitarwa daga jikinsa taki ne ga waɗannan ƙwayoyi. Amma fa ba kullum ne ɗan haya nagari ba: an ga wani irinsu in yunwa ta matsa shi yana gutsurar kan yatsun mai gidan yana ci.

A kan yashi kuma akwai wani jatan lande mai haƙa rami wanda ganinsa ba shi da ƙarfi. Shi sai ya haɗa gida da wani ɗan kifi mai suna gobi. Jatan lande yana haƙa yana kwashe yashi, gobi yana bakin ƙofa yana gadi. Duk fitowar da zai yi, gashin bakinsa ɗaya yana kan jikin gobi. Da gobi ya hango haɗari sai ya kaɗa wutsiya, su faɗa rami tare. Zaman cuɗe ni in cuɗe ka ke nan.

Rumfar wanzami

Kifi ma yana da kaskarsa: ƙananan ƙwari masu manne masa a fata da cikin kunnuwan numfashi suna shan jini. Ba shi da hannun da zai cire. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san carki, tsuntsun da ke bin shanu yana cire musu kaska. To, a teku aikin carki jatan landen furen teku ne yake yi, shi da wani siririn kifi mai baƙin zane daga baki har wutsiya, wanda za mu kira kifi wanzami.

Kowannensu yana da wurin zamansa da kifaye suka sani. Na tekun Karibiyan yana kaɗa dogayen fararen gashin bakinsa yana rangaji, alamar an buɗe rumfa. Na Bahar Maliya kuwa tafi yake yi da hannuwansa, kuma an lura ya fi yawan tafin in yana jin yunwa, ko in wanda ya zo mai cin nama ne, kamar dai yana cewa ni wanzami ne, ba abinci ba. Sai babban kifi ya tsaya cak, ya buɗe baki, ɗan abin nan ya shiga tsakanin haƙoransa ya yi aikinsa ya fito lafiya.

Wata masaniya, Alexandra Grutter, ta yi shekaru tana ƙirga a tsibirin Lizard na Ostireliya. Ta gano kifi wanzami ɗaya yana duba kifaye sama da 2,000 a yini, yana cinye ƙwari kusan 1,200. Ita da abokan aikinta suka kwashe wanzaman daga wasu tuddai suka bar na wasu. Bayan fiye da shekara 8, kifayen da ke zaune a tuddan da babu wanzami sun ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, wasunsu kuma ba su kai girman 'yan uwansu ba. Ɗan kifin da bai fi yatsa ba, ashe lafiyar unguwa duka tana wuyansa.

Inda ha'inci yake shigowa

Nan ne gishirin darasin. Kifi wanzami ya fi son majinar da ke lulluɓe da fatar kifi a kan ƙwarin, ita kuwa majinar nan kariya ce ga mai ita. Saboda haka a kowane aski akwai jarrabawa: ya cire ƙwaro, ko ya saci cizo? In ya ciji, za ka ga wanda ake yi wa aikin ya zabura. Carki ma haka yake, wani lokaci ya bar kaska ya koma tonon gyambo.

Wani masani, Redouan Bshary, ya daɗe yana nutso a Ras Muhammad ta ƙasar Masar yana bin wannan ciniki. Ga abin da shi da abokan aikinsa suka gano:

1. Kifi mai cin nama kusan ba a taɓa cizonsa. Wanzami ya san wanda zai iya haɗiye shi.
2. Kifi mai yawo, wanda ke da rumfuna da yawa a hanyarsa, shi ake fara sallama. In an bar shi yana jira ko an cije shi, ba ya faɗa, tafiyarsa yake yi, gobe a gan shi a wata rumfar. In an kyautata masa ya dawo.
3. Kifin unguwa, wanda ba shi da wata rumfa sai wannan, shi ake bari a layi. In an cije shi, abin da ya rage masa ya bi wanzamin da gudu.
4. In akwai wasu kifaye a gefe suna kallo, wanzami yana rage cizo, domin masu kallon suna guje wa rumfar da suka ga ana zabura.
5. In ya yi laifi yakan lallashi, ya hau bayan kifin yana shafa shi da fukafukansa.

Har ɗan jabu akwai: wani kifi mai kama da wanzami a launi da zane, yana raɓewa kusa da rumfa, in an tsaya masa ya gutsuri fata ya gudu. Inda yake, masu zuwa rumfar gaskiya ma raguwa suke yi.

Abin da ya rage gare mu

Yanzu kowa ya dubi rumfarsa. Mararaba gari ne na kan hanya, dubban mutane suna wucewa tsakanin Abuja da Keffi safe da yamma. Kowane ɗan kasuwa a nan yana da irin waɗannan masu saye guda uku. Akwai mai ƙarfi, wanda ake tsoron abin da zai biyo baya. Akwai mai mota, wanda in bai ji daɗi ba zai ƙara gaba. Sannan akwai ta unguwa: matar da ke karɓar shinkafa bashi sai ƙarshen wata, ko yaron da aka aiko da kuɗi a ƙulle a leda, wanda bai san mudu cikakke da wanda aka bubbuge gindinsa ba. Wa ake fara sallama? Wa ake zaɓar wa tumatir mai kyau, wa ake tura wa na ƙasan kwando?

Kifi ba shi da laifi, cikinsa yake bi. Gaskiyarsa ta tsoro ce da ta idon jama'a, inda babu su biyun sai ya ciji. In tamu gaskiyar ma a nan ta tsaya, to ba mu wuce shi da komai ba. Ma'aunin ɗan kasuwa shi ne awon da ya yi wa wanda ba zai iya rama ba, ba zai iya zuwa wani wuri ba, kuma babu mai kallo. Sannan mu tuna da ɗan jabu: mutum ɗaya mai algus a layi yana kore wa layin duka kasuwa, har a ce ai 'yan wurin nan haka suke. Shugabannin layi su riƙe wannan.

Abu na ƙarshe, rumfar nan tana cikin haɗari. In zafin ruwa ya ɗara yadda aka saba da digiri 1 kacal na wasu makonni, murjani da furen teku suna korar ƙwayoyin tsiron da ke ciyar da su, su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu. A 1998 haka ta faru a tsibiran Maldib, mahaifar wuri, mafi yawan murjanin da ke ruwa marar zurfi ya mutu. A watan Afrilun 2024 masana suka sanar da cewa duniya ta shiga irin wannan annoba karo na 4. In mai gida ta mutu, ɗan haya ya rasa katanga, rumfa ta tashi. Ledar da muke zubawa a kwalbati kuma ba ɓacewa take yi ba: ruwan yankin nan, ko ta Binuwai ko ta Kwara, a Lokoja yake haɗuwa ya nufi teku.

Tambayoyi don tattaunawa da yara a gida

1. Me ya sa furen teku ba ta harbin jatan landen da ke zaune a jikinta, kuma me take samu a wurinsa?
2. Tsakanin kifi mai yawo da kifin unguwa, wa wanzami yake fara sallama, kuma don me?
3. In kai ne a rumfar Baba, aka aiko ƙaramin yaro sayayya babu kowa a wurin, yaya za ka auna masa?

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya ba mu ikon cika mudu ga na kusa da na nesa.