Yadda Ake Magance Bushewa Da Raɗaɗin Ido Bayan Tiyatar Lesa

Tiyatar lesa, irin su LASIK da PRK, tana gyara gani ne ta hanyar sassaƙe koniya, wato tantanin nan mai haske da ke rufe baƙin ido. Cikin wannan tantani akwai ƙananan jijiyoyi jingim, su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ido ya soma bushewa, a saki hawaye, a kuma ƙifta. Aikin yakan yanke wasunsu, musamman a LASIK inda ake ɗaga ɓallin saman koniya. Daga nan sai hawaye ya ragu, mai jinya ya riƙa jin yaji-yaji kamar an watsa masa yashi, ganinsa ya yi dishi-dishi sai ya ƙifta ya washe. Galibi abin kan yi sauƙi cikin wata 3 zuwa 6, wasu kuma sai sun kai shekara, domin jijiyoyin a hankali suke sake tofowa.

Matakin farko shi ne maganin ɗigawa mai maye gurbin hawaye. An fi so a yi amfani da wanda ba a zuba masa sinadarin hana lalacewa ba, domin sinadarin kansa yana fusata ido idan ana ɗigawa fiye da sau 4 a yini. Ana wanke hannu, a ɗaga kai, a ja fatar ido ta ƙasa, a ɗiga ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba, sannan a lumshe na minti ɗaya ko biyu. Idan magungunan sun kai biyu, a bar tazarar minti 5 tsakaninsu. Da dare akan sa mai kauri, saboda ya fi daɗewa a ido, ko da yake yana dusashe gani na ɗan lokaci.

Na biyu, a kare ido daga abin da ke ƙafar da hawaye. Ba a zama daf da fanka ko iyakwandishan, ba a kusantar hayaƙin murhu ko na taba. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa ƙura ta yi yawa, tabarau mai rufe gefe da gefe ya zama dole, musamman ga mai hawa babur. Kallon waya ko kwamfuta yana rage ƙiftawa, don haka bayan kowane minti 20 a kau da ido zuwa wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Murza ido kuwa a guje shi ko da ƙaiƙayi ya tsananta, domin yana iya goce ɓallin da aka mayar. Kwalli da sauran kayan kwalliyar ido sai likita ya ba da izini.

Na uku, a kula da fatar ido. A bakinta akwai ƙananan ƙofofi masu fitar da maiƙon da ke hana hawaye saurin ƙafewa. Idan likita ya amince, akan ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi a kan rufaffen ido na minti 5 zuwa 10, maiƙon ya narke, sannan a goge gindin gashin ido a hankali.

Idan duk wannan bai wadatar ba, sai a koma asibiti. Likita na iya rubuta maganin rage kumburi irin su cyclosporine, wanda amfaninsa kan ɗauki makonni kafin ya bayyana, ko ya toshe 'yan ramukan da hawaye ke zurarewa zuwa hanci, ko a haɗa maganin ɗigawa daga ruwan jinin mai jinyar. Zai kuma duba sauran magungunan da ake sha, domin wasu na mura da ƙaiƙayi suna ƙara bushewa. Maganin ɗigawa mai sitiroyid ba a sayensa a kemis da ka, saboda yana iya haddasa hawan jinin ido.

Akwai kuma raɗaɗin da ba daga bushewa yake ba. Idan ido na zafi ƙwarai, haske da iska na tayar da shi, alhali awo ya nuna hawaye ya wadata, ana zargin ciwon jijiyoyin koniya ne, kuma maganinsa daban ne, har da ƙwayoyin kwantar da jijiya. Amma idan aka ga gani ya ragu farat ɗaya, ko ido ya yi jajur, ko kwantsa mai ruwan mugunya, ko zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, to a garzaya wurin likitan ido a ranar.